Wa Zai Riƙe Sirdin?

Akwai wasu malaman jami'a guda biyu, miji da mata, da 'yarsu ɗaya tilo. Shi mijin a sashen Fiziks yake koyarwa, abin da ya fi ƙwarewa a kai kuwa shi ne yadda abubuwa ke motsi, da abin da ke hana su faɗuwa. Ita matar a tsangayar ilimi take, duk bincikenta a kan yadda yara ƙanana ke koyon sabon abu ne. Dukansu sun kai matakin dakta, saboda haka in baƙo ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce Dakta yake nema, sai an tambaye shi, "Wanne daga ciki?" Da maƙwabta suka gaji sai suka sauƙaƙa wa kansu, suka sa musu Dakta Namiji da Dakta Mace. 'Yar tasu kuwa tun da ta fara magana ba a faɗin abu ya wuce ba ta ce "Me ya sa?" ba, har sunan ya bi ta. Kowa Meyasa yake kiranta, har malamar ajinsu.

Ba su rasa ci ba, ba su rasa sutura ba, littattafai kuwa har a kan firji akwai su. Abin da babu a gidan shi ne yini guda da su ukun za su zauna ba wanda ke satar kallon agogo. In Baba yana gida, Mama tana aji. In Mama ta dawo, Baba yana taron sashe. Tsakanin ginin Fiziks da na tsangayar ilimi akwai wani dogon benci na siminti, a nan ake miƙa Meyasa daga hannu zuwa hannu bayan an tashi makaranta.

"Ta ci abinci?"

"Ta ci rabi."

"Aikin gida fa?"

"Yana cikin jaka. Na makara, sai yamma."

Kafin Meyasa ta gama ɗaga hannu, wanda ya kawo ta ya sha kwana.

A farkon shekarar karatu Gwaggo, ƙanwar Baba, ta kawo mata kyautar keke ja, mai 'yan tayoyi biyu a gefe don kada ta faɗi. Meyasa ta yi murna ƙwarai, ta yini tana zagaya baranda tana kaɗa ƙararrawa. Murnar ba ta daɗe ba, domin Gwaggo tana da ɗa da ake kira Guguwa, saboda ba ya tafiya sai da gudu. Meyasa ta girme shi da 'yan watanni, amma bai taɓa yarda ya ce mata Yaya ba. Ran da ya zo a kan nasa keken, ya tsaya ya ƙare wa nata kallo, ya ƙirga tayoyin da yatsa.

"Ƙafa huɗu," ya ce. "Wannan keke ne ko akuya?"

"Keke ne mana!"

"To ki ba ta ciyawa, na ga kamar yunwa take ji."

Da yamma Meyasa ta sami Baba a teburin cin abinci, ya duƙufa a kan takardun gwaji. Ta ce, "Baba, ka cire mini tayoyin gefen nan, ka koya mini hawa kamar na Guguwa."

Baba ya cire tabarau, ya daɗe yana goge shi da gefen riga. Can ya ce, "Tambaya ce mai kyau. Amma kin ga koyar da yaro fannin mamanki ne. Ni in na sa baki a fannin wani, sai a ce na yi shisshigi."

Ta tafi wurin Mama, ta same ta a ɗaki da kwamfuta a kan cinya. Mama ta saurare ta har ƙarshe, kamar yadda take koya wa ɗalibanta su riƙa sauraron yara, sa'an nan ta ce, "Na ji daɗi da kika faɗi abin da ke ranki. Sai dai keke magana ce ta motsi da daidaito. Babanki takarda sukutum ya rubuta a kan abin da ke hana abu faɗuwa. Ina ni ina shiga gabansa?"

Meyasa ta koma falo, Baba ya sake tura ta ɗaki. Da ta je ta dawo, ta je ta dawo, sai iyayen suka ɗaga murya daga inda suke, suka daidaita a kan magana ɗaya: sai an gama zango.

Aka gama zango, aka shiga duba takardun jarrabawa. Teburin cin abinci ya koma ofis, aka raba shi biyu, filas ɗin shayi ne iyaka, abinci kuma kowa a kan cinya yake ci. Ana gama wannan aka shiga zango na biyu. Baba ya hau tattara rubuce-rubucensa na neman ƙarin girma, Mama kuma ɗalibanta masu digiri na biyu suka yi mata caa, kowa da babin da yake so a duba masa jiya. Wata rana Meyasa ta zana kanta a kan keke mai ƙafa biyu, ta cusa zanen a tsakiyar takardun da Baba ke dubawa, ko zai tuna. Washegari ta tarar da shi a kan tulin waɗanda aka gama, an rubuta da jan biro a ƙasa: "Da kyau, amma a faɗaɗa bayani." Ta daɗe tana kallon rubutun. Ta fara zargin cewa a gidan nan ita ma ɗaliba ce, kuma ba ta cikin na gaba-gaba a layi.

Ana cikin haka Kaka, mahaifiyar Baba, ta zo ganin likitan gwiwa, ta yi musu 'yan kwanaki. Meyasa ta zauna kusa da ita tana matsa mata ƙafa, ta ba ta labarin akuya da Guguwa, ta ƙare da cewa, "Amma Baba ya ce in an samu lokaci za a koya mini."

"Wa zai koya miki?"

"Baba."

Kaka ta dubi ɗanta, sai ta sheƙe da dariya, har tari ya sarƙe ta. Baba ya yi zumbur ya kawo ruwa.

"Inna, ai lokacin shan maganinki ya yi."

"Yanzun nan na sha, ɗan nan. Kai ne za ka koya mata? To, Allah ya nuna mana."

"Kaka, me ya sa kike dariya?"

"Gwiwar ce ke mini cakulkuli, ƙawata. Ci gaba da matsawa."

Gab da ƙarshen shekara sai ga labari mai daɗi. Wata jami'a a ƙasar waje ta gayyaci Baba da Mama su yi dogon hutu a can, shi ya yi aiki a ɗakin gwaji, ita ta ƙarasa littafinta. Wata tsohuwar farfesa da za ta yi tafiya ta ce su zauna a gidanta. A ranar aka kawar da filas daga tsakiyar tebur, aka ci abinci kamar mutane. Meyasa ta bari sai da suka gama murna, sa'an nan ta ce, "A can akwai lokaci?"

"Lokaci kai!" in ji Baba. "A can rana ma ba ta faɗuwa da wuri."

"To a can za a koya mini?"

Iyayen suka dubi juna, kowa yana jiran ɗaya ya fara. Suka ce a tare, "A can."

Ran da suka je sallama gidan Gwaggo, Meyasa ta ja Guguwa gefe. "In na dawo, a kan ƙafa biyu zan shigo gidan nan."

"Ke ɗin?"

"Ni ɗin. In na shigo kuma, daga ranar Yaya za ka riƙa ce mini."

"In kin shigo da ƙafa huɗu fa?"

Meyasa ta ce, "Sai ni in ce maka Yaya."

Guguwa ya kira mahaifiyarsa ta zama shaida, Gwaggo ta ce ta ji, kuma ba za ta manta ba.

Garin da suka sauka, tun daga tashar jirgin ƙasa Meyasa ta ga abin da ya sa ta buɗe baki. Keke ko ta ina. Tsofaffi mata da kwandon cefane a gaba, maza da kwat da jakar ofis a baya, wani ma ya wuce da tsani a kafaɗa yana tuƙi da hannu ɗaya. Ta juya don ta nuna wa iyayenta, sai ta ga Baba ya tsura wa taswira ido, Mama kuma tana neman wani abu a jaka wanda har suka isa gida ba ta same shi ba.

Gidan farfesar a saman bene yake. Tagar kicin tana kallon filin ajiye motoci na wata makaranta da aka rufe don hutu, fili fetal, an raba shi biyu da dogon shingen shuke-shuke wanda ya fi mutum tsawo, da 'yar kafa a tsakiya ta wucewa. Kafin ta tafi, farfesar ta zagaya da su, ta nuna musu injin wanki da inda ake zubar da shara, sa'an nan ta sauko da su ƙarƙashin matakala ta buɗe wani ɗan sito. Kekuna uku ne a jingine, manya biyu da ƙarami ɗaya shuɗi na jikanta, ba tayar gefe ko ɗaya. Ta ce su ɗauka kamar nasu, jami'a ba ta da nisa a keke, amma a ƙafa tafiya ce.

Baba ya yi wata dariya da ta fi ƙarfin maganar. Mama ta ce, "Kai, madalla," ta ja ƙofar siton ta rufe da kanta.

Washegari a ƙafa suka tafi. Rana ta biyu ma haka. Meyasa tana tsakiya tana jan ƙafa, kekuna suna wuce su fiu, fiu.

"Baba, me ya sa ba mu hau keke ba?"

"Tafiyar ƙafa tana buɗe ƙwaƙwalwa. Manyan masana duk a ƙafa suka yi tunaninsu."

"Mama, ke fa?"

"Doguwar rigata za ta shiga sarƙa."

Da safe ana barin Meyasa a wani wurin wasa na 'ya'yan ma'aikata. A nan ta ga yaran da ba su kai kafaɗarta ba suna isowa a kan keke, su ja birki a bakin ƙofa, su sauka ko waiwaye ba sa yi. Ta dawo gida ta tuna wa iyayenta alkawari. Wannan karon babu zango, babu jarrabawa, ga rana tana kaiwa har bayan cin abincin yamma. Sai Baba ya yi gyaran murya ya ce abu mai muhimmanci irin wannan ba a faɗa masa da ka, sai an zauna an tsara. Mama ta ce ta goyi baya ɗari bisa ɗari. Aka yi zama a teburin farfesa, aka amince cewa Baba zai ɗauki ɓangaren ka'ida, Mama ta ɗauki ɓangaren shirya zuciyar mai koyo, hawa kuma sai an ga yadda waɗannan suka tafi.

Baba ne ya fara. Ya ɗauko faranti daga kabad, ya tsayar da shi a kan gefensa, ya saki, ya faɗi a kan kafet. "Kin gani? A tsaye, faɗuwa yake. Yanzu duba." Ya gara shi. Farantin ya miƙe sarai, ya bar kafet, ya ratsa falo, ya shiga kicin. "Muddin yana tafiya, ba zai faɗi ba!" in ji Baba cikin alfahari. Sai suka ji tas! a jikin ƙafar murhu. Asabar ɗin da aka sa za a fita da keke, a shagunan tsofaffin kaya aka ƙarar da ita ana neman faranti mai irin wannan zanen.

Mama ta karɓa. Ta ce mataki na farko shi ne mai koyo ya saba da abin koyo. Aka fito da ƙaramin keken bakin matakala, Meyasa ta shafa sirdi, ta taɓa feda, ta faɗi sunan kowane sashe. Mama ta durƙusa daidai tsawonta.

"In kin kalli fedar nan, me kike ji a ranki?"

"Ina jin ina so in hau."

"Madalla! Wannan ji ne mai kyau. Mu riƙe shi zuwa mako mai zuwa."

Da makon ya zo Baba ya ce ya gano wani gyara a bayaninsa na farko. Na bayansa Mama ta tafi taro a wani gari. Aka yi ruwan sama, aka ce ƙasa da santsi. Aka yi rana, aka ce kwalta ta yi zafi. Sun je gidan ajiye kayan tarihi, sun shiga jirgin ruwa, abokan aikin Baba sun gayyace su cin abinci a lambu, inda kowa ya zo a keke ban da su. Littafin Mama ya kusa ƙarewa, gwajin Baba ya ba da abin da ake nema. Rannan sai Meyasa ta ga an sauko da akwatuna daga saman kabad.

Tun daga ranar ta daina tambaya. Ba maganar keke kaɗai ba, har "me ya sa" ɗin ta daina. Gidan ya yi wani irin shiru, iyayen suka rasa abin da ya canza, sai da aka zauna cin abinci ranar Asabar Mama ta ce, "Meyasa, lafiya kuwa?"

"Lafiya lau." Ta juya cokali a cikin kwano. "Ba komai, Mama. Na san aikinku ya fi muhimmanci. Zan ce wa Guguwa Yaya, ai ba ciwo."

Baba ya duƙar da kai yana kallon sabon farantin, Mama ta tashi ta ce za ta ɗauko gishiri, alhali gishirin yana gabanta.

Ranar Lahadi da sassafe Meyasa ta farka ta ji gidan tsit. Ta leƙa ɗakin iyayenta, ba kowa. Ta shiga kicin, ta jawo kujera ta hau don ta ɗauko biskit, sai idonta ya faɗa kan taga.

A hagun shinge akwai wani mutum da babban keke. Ya ɗora hular kwano wadda ta yi masa kaɗan, ta zauna a tsakar kansa kamar murfin tukunya. Ya ajiye buɗaɗɗen littafi a ƙasa ya danne da dutse. Ya duƙa ya karanta, ya miƙe ya auna tsawon sirdi da tafin hannu, ya jiƙa yatsa ya ɗaga sama don ya ji inda iska take. Sa'an nan ya hau, ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya ɗaga ta biyu, ya karkata a hankali cikin natsuwa ya kwanta a jikin shinge. Baba ne.

A daman shingen kuma wata mata ce ta ɗaure doguwar riga a ƙugu, ta sa wandon barci mai ratsi-ratsi wanda Meyasa ta sani sarai, na Baba ne. Matar tana kan ɗaya keken, tana tura shi da yatsun ƙafa, taku biyu ta tsaya, ta dafa ƙirji, ta gyaɗa kai kamar mai yaba wa wani. Shingen ya tsaya a tsakaninsu, ba mai ganin wani. Meyasa kaɗai ke ganinsu duka daga sama.

Ta tsaya da biskit a hannu, ba ta ci ba. Ta ga Baba ya sake hawa ya sake kwanciya. Ta ga Mama ta ɗaga ƙafafu biyu ta yi sauri ta mayar. Ta sauko daga kujera, ta sa takalmi, ta gangara ƙasa. Ƙofar sito a buɗe take. Ta jawo ɗan shuɗin keken, ta tura shi ta zagaya bayan gini.

Tana isa bakin fili ta ji muryar Mama tana faɗa wa kanta: "Da kyau, kin yi ƙoƙari. Kuskure ma koyo ne. Sake gwadawa." A daidai lokacin Allah ya ba kowannensu sa'a. Baba ya samu feda ta juya, keken ya ɗauke shi yana tangaɗi, ya nufi kafar shinge don ita kaɗai ce wurin da babu ganye. Mama ma ta ɗaga ƙafa, filin yana da ɗan gangare, ya ja ta zuwa kafar nan. Kowa ya ga kowa, kowa ya buɗe baki, ba wanda ya tuna da birki. Ji kake ƙarau! Taya ta shiga taya, daktoci biyu suka zube a kan ciyawa.

Tayar baya tana ta juyawa ita kaɗai.

"Maman Meyasa?"

"Baban Meyasa? Ba burodi na ji ka ce za ka sayo ba?"

"Hanyar ce ta biyo ta nan. Ke da na bari kina barci? Kuma wannan ba wandona ba ne?"

"Bar maganar wando, Dakta. Ba ka iya keke ba?"

"A ka'ida na iya."

"A ka'ida!"

"Inna ce ta hana ni tun ina yaro, wai zan karye. Da na girma kuma, da gemuna zan je in ce wa wa ya riƙe mini sirdi? Ke fa, da kike tura mini yarinya shekara guda?"

"Gidanmu keke ɗaya ne, yayyena maza ba su taɓa bari na taɓa shi ba. Na ɗauka ai kai ka iya! Mutumin da ya rubuta takarda a kan faɗuwa!"

"A kan rashin faɗuwa."

"To ga shi ka yi gwaji." Mama ta fara dariya, sai kuma ta tsaya cak. "Tsaya. Wa ka bar wa yarinyar?"

"Ke na bar wa!"

"Ni kuma na ce yanzu za ka dawo da burodi!"

"Ga ni," in ji Meyasa.

Suka juyo tare. Baba ya yi ƙoƙarin gyara hular kwano, Mama ta sauke riga a kan wandon. Kunya ta rufe su, har Meyasa ta ji tausayinsu. Ta matso da kekenta, ta ce, "Me ya sa ba ku faɗa mini ba?"

Baba ya buɗe baki, da alama zai ce tambaya ce mai kyau, sai ya fasa. Ya ce, "Kunya muka ji, uwata."

Mama ta ce, "Ba aikinmu ne ya fi ki ba. Ko kusa."

Meyasa ta yi ɗan tunani. "To ku riƙe mini sirdin kawai. Ai riƙewa ba sai an iya ba."

Suka miƙe suna kakkaɓe ciyawa. Meyasa ta hau, Baba ya kama sirdi ta hagu, Mama ta kama ta dama, suka sunkuya suka fara turawa. Keken ya yi hagu, ya yi dama, ta ji hannuwansu suna mayar da ita tsakiya. Suka kai ƙarshen fili suka juyo, suka sake komawa, iyayen suna haki.

"Ƙara sauri," in ji Baba. "Saurin ne ke riƙe ki."

"Kada ka matsa mata," in ji Mama. "Sai zuciyarta ta natsu tukuna."

"Dakta, natsuwa ba ta hana abu faɗuwa. Ƙarfin juyawar taya ne."

"Yaron da ke tsoro, ko ka sa masa inji ba zai koya ba. An yi bincike a kan wannan!"

"Wane bincike? Yara nawa aka gwada?"

To, akwai wani hali da malaman jami'a suke da shi, ba sa iya gardama hannunsu na riƙe da wani abu. Baba ya saki sirdi don ya zana da'ira a iska ya nuna yadda taya ke juyawa. Mama ta saki don ta lissafa masa hujjojinta da yatsu. Suka tsaya a tsakiyar fili suna fuskantar juna, shi yana cewa a duba lissafi, ita tana cewa ya karanta babi na uku na littafinta. Meyasa tana ta taka feda, tana jin muryoyinsu suna yin nisa, tana mamakin yadda hannunsu ya yi tsawo haka. Ta saci waiwaye. Ba kowa a bayanta.

"Baba! Mama! Ina tafiya!"

Gardama ta tsaya. Baba ya ɗaga hannu biyu sama yana ihu, Mama ta dafe kai tana tsalle da wandon barci.

"Yaya ake tsayawa?" in ji Meyasa.

Iyayen suka dubi juna. A tsarin da suka yi, tsayawa tana cikin mataki na biyar, ba a kai wurin ba.

"Ban sani ba!" in ji Baba da iyakar muryarsa.

"Ni ma ban sani ba!" in ji Mama. "Nufi ciyawa!"

Ta nufi ciyawa, keken ya rage gudu, ya karkata ya ajiye ta a gefe. Kafin su iso a guje ta riga ta tashi, gwiwarta ta ɗan kuje, tana dariya har da riƙe ciki. Su ukun suka tsuguna suka binciki kan keken, suka matsa wannan, suka ja wancan, har suka gano birki tare. Ta sake hawa. Wannan karon ta ce mutum ɗaya ya isa, kuma in ta ce a saki, a saki.

'Yan kwanakin da suka rage, kullum da safe suna filin nan. Meyasa ta iya juyawa, ta iya tsayawa, ta iya wucewa ta kafar shinge ba ta taɓa ganye ba. Mama ta kai ga zagaya fili sau ɗaya, tana yaba wa kanta da babbar murya. Baba ne dai abin ya ƙi, don da keken ya fara tafiya sai ya hau tunanin dalilin da ya sa yake tafiya. Meyasa takan ajiye nata, ta zo ta kama masa sirdi da hannu biyu, ko da yake ƙarfinta bai kai ya riƙe komai ba, tana cewa, "Baba, kalli gaba. Daina lissafi." Shi kuma ya ce, "To, Malama."

Ran da za su tafi, ta goge ɗan shuɗin keken da tsumma, ta jingine shi a sito kusa da manyan, waɗanda kowannensu ya samu sabon tabo a jiki. Ta matsu su isa gida ta ji Guguwa ya ce mata Yaya. Meyasa ta gane cewa duk shekarar nan iyayenta ba ƙin ta suke yi ba, ba su iya ba ne, kuma manya ma suna jin kunyar faɗin haka.